A Ƙirga Littattafai Kafin A Sayi Kwamfuta

Jama'a, maganarmu ta yau a kan ɗakunan karatu na makarantun ƙauye ce, da shawarar nan da a ke yawan kawowa, cewa a kwashe sunayen littattafansu daga tsofaffin rajistoci a zuba cikin kwamfuta, a haɗa da intanet, don kowa ya iya dubawa daga inda ya ke. Jami'o'inmu da yawa sun riga sun yi haka, saboda haka ba abin mamaki ba ne in hankalin masu riƙe da sha'anin ilmi ya juyo kan makarantun firamare da na sakandare. Mu kam muna goyon bayan wannan shawara, amma da sharaɗi. Sharaɗin kuwa shi ne a fara sanin abin da ke cikin kabad ɗin kowace makaranta tukuna, da ido da hannu, kafin a fitar da ko sisin kwabo a sayi na'ura. Muna so malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi, magadan aikin En'e, su kasa kunne, domin a kansu nauyin aikin zai sauka.

Bari mu fara bayyana abin da a ke nufi, don kada a yi ta gardama a kan abin da ba a gane ba. Kowane laburare na ƙwarai yana da kundin sunayen littattafansa, wanda ma'aikatan laburare ke kira katalog. A da akan yi wa kowane littafi kati, a rubuta sunan mawallafi, da sunan littafin, da maɗaba'a, da shekarar bugu, da lambar da ke nuna kantar da ya ke zaune. Lambar nan galibi ta tsarin wani Ba'amurke ce, Melvil Dewey, wanda ya kasa ilmi kashi goma a 1876. Bisa tsarinsa littattafan addinin Musulunci na zama a 297, na lissafi a 510, na noma a 630. Sai a jera katunan bisa abacada cikin aljihun tebur. To, kundin intanet shi ne waɗannan katunan, illa dai an rubuta su a kwamfuta maimakon takarda, kuma makarantu da yawa suna tarayya a kundi guda. Malami a ƙauye ya danna wayarsa, ya ga ko littafin da ya ke nema yana makarantarsu, ko yana makarantar garin da ke gaba, ko kuwa wani ya ara bai mayar ba.

Amfanin wannan a fili ya ke. Sakataren ilmi zai san makarantar da ta tara kofe ɗari na littafi guda, da wadda ba ta da ko ɗaya. Mai sayayya zai daina sayen abin da ya riga ya cika sito. In an yi wa hedimasta canji, ba sai an yi ta rantse-rantse a kan abin da ya bari da abin da ya tarar ba. Yaron da ya gama Magana Jari Ce littafi na ɗaya zai san inda na biyu ya ke.

Neman hanyar kai littafi ƙauye ba yau aka fara ba a ƙasar nan. Tun zamanin yaƙin duniya na biyu En'e-En'e suka buɗe ɗakunan karatu a manyan garuruwa, inda mutane ke zuwa su karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, su ji labarin yaƙi. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, yana aika akwatunan littattafai zuwa ɗakunan karatu da makarantu, in an gama da su a mayar a karɓo waɗansu. A 1963 wani masanin aikin laburare daga Ostareliya ta Yamma, Mista F. A. Sharr, ya zagaya Arewa ya rubuta rahoto a kan bukatunta na laburare, shekara biyar bayan haka kuma, watau a 1968, aka buɗe sashen koyar da wannan aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Abin lura shi ne ƙasar da mutumin nan ya fito. Faɗinta ya ninka na Nijeriya fiye da sau biyu, mutanenta kaɗan ne, garuruwanta kuwa a warwatse. Dabarar da suka yi a can ita ce, a sayi littattafai a tsakiya, a yi musu kati a tsakiya, sa'an nan a riƙa aika su ƙananan garuruwa ana musanyawa a kai a kai. Ma'aikacin ƙaramin gari ba ya wahalar tsara kati, aikinsa shi ne ya sa littafi a hannun mai karatu. Da aka raba Arewa jihohi shida a 1967, kowace jiha ta kama gabanta, wannan igiya da ta ɗaure tsakiya da ƙauye ta yi ta sassautawa. Kundin intanet yana iya sake ɗaure ta, in an bi shi ta hanyarsa.

A ƙasashen waje ma tarayya ce ta haifi abin. A 1967 waɗansu kwalejoji na jihar Ohayo a Amurka suka ga ɓarna ce kowannensu ya zauna yana rubuta wa littafi guda kati dabam. Suka kafa ƙungiyar da a ke kira OCLC, a 1971 suka fara aiki da kundi guda ta kwamfuta: wanda ya riga samun littafi ya rubuta bayaninsa, sauran su kwafa. Amma duk da haka ƙungiyar ba ta daina buga katunan takarda ba sai a 2015, shekara 44 ke nan tsoho da sabo suna tafiya tare. Waɗanda ke da wutar lantarki dare da rana ke nan, ba su yi gaggawar zubar da tsohuwar hanya ba, balle mu.

Misali na biyu ya fi kusa da halinmu. A 1999 laburaren wata 'yar gundumar karkara a ƙasar Niyu Zilan, sunanta Horowhenua, ya rasa kuɗin sayen tsarin manyan kamfanoni, ga shi kuwa tsohon tsarinsa ba zai ƙetare shekarar 2000 ba. Suka sa aka rubuta musu nasu, ya fara aiki a farkon Janairu 2000, suka kuma sake shi kyauta ga duk mai so. Sunansa Koha, watau kyauta da harshen Mawori, mutanen asali na ƙasar. Yau dubban laburare a duniya da shi su ke aiki, har da na waɗansu jami'o'in Nijeriya. Saboda haka in wani ɗan kwangila ya zo ya ce sai an biya shi kuɗi masu nauyi kowace shekara kafin a sami irin wannan tsari, akawu ya san abin da zai tambaye shi. Kuɗin da ba makawa sai an kashe su ne na horar da ma'aikata, da ajiye kundin, da gyara in ya lalace.

To, ina haɗarin ya ke? Haɗarin shi ne kwamfuta ba ta ƙirga littafi, abin da aka faɗa mata shi ta ke maimaitawa. Mai wannan rubutu ya taɓa shiga wata makarantar ƙauye, rajistarta cike da sunayen littattafai, da hatimi da sa hannu, ba abin da ya rage. Da aka nemo mabuɗin kabad, aka buɗe da ƙyar, sai ga gara ta yi gini tun daga ƙasa har kanta ta biyu. Waɗanda ke sama ɗigar ruwa ta manne su, in ka ɗaga ɗaya sai biyar su biyo shi. Can a kusurwar ofis kuwa ga kwalaye ba a ko yanke igiyarsu ba, ba su cikin rajista, yara ba su taɓa ganin bangonsu ba. Da an ɗauki rajistar nan yadda ta ke an zuba cikin intanet, da duniya duka ta karanta cewa makarantar tana da littattafan da gara ta cinye, ba ta kuwa da waɗanda ke cikin kwali. Ƙaryar da ke cikin rajistar takarda mutum ɗaya ta ke ruɗi. In ta hau intanet, da ita za a tsara kasafin kuɗin jiha.

Tsofaffin malaman haraji sun san wannan. A zamanin En'e ba a zama a ofis a rubuta kuɗin jangali da ka, sai an fita daji an ƙirga shanu. Ba a yanka wa gari haraji sai an bi gida gida an ƙidaya masu biya. Wanda ya kwafo lissafin bara ya miƙa, ran da aka zo tara kuɗi asirinsa ke tonuwa. Haka littattafai su ke.

Saboda haka aiki na farko shi ne ƙidaya. A fito da kome waje, a kakkaɓe, a kasa kashi uku: masu lafiya, da masu bukatar ɗinki ko sabon bango, da waɗanda suka mutu. Kowane mai rai a buga masa hatimin makaranta, a ba shi lambarsa shi kaɗai, a rubuta lambar a jikinsa da cikin sabuwar rajista. Aikin ba shi da yawan da a ke tsoro. A misali, makarantar da ke da littafi 500, in malami ɗaya da manyan yara biyu suna gama 25 a yini, cikin kwana 20 sun kammala. Amma akwai abu guda wanda in hukuma ba ta yi ba, ƙidayar ba za ta fito da gaskiya ba. Dole a yafe ɓatan da ya wuce. Dalilin da ya sa hedimastoci da yawa ke kulle kabad shi ne tsoron kada littafi ya ɓace a ce su biya. Mutumin da ya san za a yanke masa albashi saboda littafin da ya ɓace tun kafin a kawo shi makarantar, ba zai rubuta cewa ya ɓace ba. A kafa 'yan kwamiti su duba matattu da ɓatattu su soke sunansu daga rajista, a buɗe sabon shafi. Daga nan kuma a yarda cewa littafin yara yana tsufa, yana yagewa, wani lokaci ya ɓace. Littafin da ya yage a hannun yara ya biya kuɗinsa. Wanda ya shekara goma sabo ƙal cikin kabad, shi ne asarar baitulmali.

Na biyu, kada a ɗora wa malamin ƙauye aikin tsara bayanin littafi. Wannan sana'a ce mai zaman kanta, ana koyonta shekara da shekaru. Malamin da ke fama da aji mai cunkoso ba shi da lokacinta, in kuwa aka tilasta masa, makaranta hamsin za su rubuta littafi guda iri hamsin. A yi kundi guda na jiha duka, a hannun hukumar laburare ta jiha tare da hukumar ilmin firamare, ƙwararru su rubuta bayanin kowane littafi sau ɗaya tak. Abin da ya rage wa makaranta shi ne ta ce, muna da kofe kaza, ga lambobinsu. Wannan zai yi sauƙi ƙwarai, domin yawancin makarantunmu littattafai iri ɗaya aka raba musu. Littattafan zamani kuma suna da lambar ISBN a bayansu, mai alƙaluma 13 tun daga 2007, wadda a Nijeriya Laburaren Ƙasa ke bayarwa. Wayar hannu tana iya karanta zanen lambar, in wani laburare ya riga ya rubuta bayanin littafin, sai a kwafo.

Na uku ya shafe mu mu Hausawa musamman. Littattafan Turanci da aka buga a Ingila ko Ibadan, bayaninsu yana nan a shirye, kwafowa kawai za a yi. Amma ɗimbin littattafan Hausa da marubuta suka buga da kuɗin aljihunsu a Kano da sauran garuruwa tun daga wajen 1985, da yawansu ba lamba, waɗansu ko shekarar bugu babu. Haka ƙananan littattafan addini da na waƙoƙi na ajami da a ke sayarwa a bakin masallaci da kasuwa. In aka ce abin da na'ura ta gane shi kaɗai zai shiga kundi, to littattafan da yaranmu suka fi iya karantawa su za a bari a waje, wanda ya duba kuma ya ce Hausa ba ta da littattafai. Lalle ne a sa wanda ya iya boko da ajami ya zauna ya rubuta bayaninsu da hannu. Tsarin Dewey kansa ya ba su gurbi, harshen Hausa a 493.72, adabinsa a 893.72.

Har wa yau a lura da haruffanmu masu lanƙwasa. Ƙasa dabam, kasa dabam, haka ɓata da bata. A rubuta sunan littafi daidai da lanƙwasarsa, amma a gyara wurin nema yadda ko yaro ya buga da waya marar lanƙwasa zai samu. A gwada wannan a gaban ɗan kwangila kafin a sa hannu a takardar biya. Sai kuma sunayen mawallafa. Tsarin Turawa yakan fara da sunan iyali, mu kuwa sunan mutum na biyu yana iya zama na ubansa, ko na garinsu, ko sarautarsa. In ba a tsai da ƙa'ida guda ba, sai a tarar da Abubakar Imam a wuri uku: ƙarƙashin Abubakar, da ƙarƙashin Imam, da ƙarƙashin Alhaji. Haka Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa. A tsai da suna ɗaya ga kowane mawallafi, sauran su riƙa nuna hanya zuwa gare shi.

Na huɗu, wuta da sabis. Bankin Duniya ya faɗa a 2021 cewa 'yan Nijeriya wajen miliyan 85 ba su da wutar lantarki ta gwamnati, kowa kuwa ya san mutanen karkara ne suka fi yawa a ciki. A watan Satumba na shekarar nan ta 2021 aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka bi da waɗansu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni ba kira ba intanet. Makarantar da ta dogara ga intanet kaɗai wajen ba da aron littafi, a irin wannan lokaci sai ta rufe kabad. Saboda haka rajistar aro ta takarda ta zauna a kan teburin malami. A zaɓi tsarin da ke karɓar aiki ba sabis, ya aika in sabis ya dawo, Koha ma yana da wannan. Kowane zangon karatu a buga wa kowace makaranta jerin littattafanta da na maƙwabtanta a takarda, a manna a bango. Ba kuwa sai an kai kwamfuta kowace makaranta ba. Guda ɗaya a ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, da farantin sola, da waya ɗaya mai kyau a hannun malamin da ke kula da littattafai, sun isa a fara.

Na biyar, kundin ya zama mallakar hukuma. A rubuta cikin yarjejeniya cewa ko wace rana hukuma ta so, za a ba ta bayanan duka bisa tsarin MARC, wanda Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya ƙago kafin 1970, wanda kuma manyan tsare-tsaren laburare ke ganewa. Kalmar sirri ta buɗe kundin ta kasance a hannun ma'aikata biyu ko uku, kada a yi wa mutum ɗaya canji ya tafi da ita. Sunayen yara da abin da suka ara kuwa amana ce, ba a baza su a fili, dokar kare bayanan mutane ta 2023 ma ta hau kan wannan.

Na shida, wanda in babu shi sauran duk wahalar banza ce: littafi ya yi tafiya. Ina amfanin yaro ya ga sunan littafi a waya, an ce yana wata makaranta mil goma daga garinsu, ba kuwa mai kawo masa? Ganin hoton tuwo ba ya maganin yunwa. A dawo da akwatin littattafai irin na da. Jami'an ilmi suna zagaya makarantu a kan babur, akwati ɗaya a bayan babur ba zai hana su tafiya ba. Kowane wata ya sauke guda, ya ɗauki guda, kundin kuwa shi zai riƙa faɗin inda kowane akwati ya kwana.

Mun san akwai masu cewa, makarantar da ba ta da rufi ba ta da benci, me ya haɗa ta da intanet, a sayi littattafai kawai. Maganarsu tana da ƙarfi, kuma in kuɗi bai isa duka biyu ba, mu ma littafi muka zaɓa. Sai dai an daɗe ana sayen littattafai, tun daga shirin ilmin firamare kyauta na 1976 har zuwa dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 da abin da ya biyo bayanta. Wa zai iya tashi yau ya faɗi inda su ke? Zuba ruwa a tulun da ba a duba gindinsa ba, ba tattali ba ne. Akwai kuma masu cewa zamanin takarda ya wuce, a ba yara littattafai cikin na'ura. Waɗannan su tuna littafin takarda ba ya neman caji, ba ya neman data, yaro yana iya karanta shi a gindin bishiya yana kiwon awaki, ƙanensa ma ya gada.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Malamai, kada ku jira takarda daga sama. Hutun nan mai zuwa ku buɗe kabad, ku ƙirga, ku rubuta gaskiyar abin da kuka tarar, ku ɗaga kantoci daga ƙasa saboda gara, ku toshe inda ke yoyo. Akawuna, in takardar sayen kwamfutoci ta iso teburinku, ku tambaya a ladabce ko an gama ƙidaya, da wanda zai riƙe kundin, da yadda littafi zai tashi daga wannan makaranta ya je waccan. Shugabannin ilmi kuwa muna roƙonsu su gwada da ƙaramar hukuma guda tukuna, shekara ɗaya, a ga inda aka yi tuntuɓe kafin a bazu jiha duka. Ran da za a auna aikin, kada a tambayi yawan sunayen da aka zuba a na'ura. A tambayi yara nawa suka tafi gida da littafi a hannu, suka dawo suka nemi wani.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya sa 'ya'yanmu su fi mu ilmi, amin.